Kwana Goma Sha Tara Ban Tambayi Yaron Ba

Ranar da na cika kwana goma sha biyu da haihuwa, ina tsugune a bayan ɗaki Iya tana watsa mini tafasasshen ruwa da ganyen runhu, sai na ji sanyi. Ruwan nan da jiya-jiya nake cije leɓe saboda zafinsa, yau yana sauka a bayana kamar a jikin wata ake zubawa. Haƙorana suka fara haɗuwa.

"Iya, sanyi nake ji."

Iya kakata ce, mahaifiyar babana, ita ke yi wa matan gidanmu wankan jego tun ba a haife ni ba. Ta tsaya da ganye a hannu tana kallona ta cikin tururi.

"Sanyi? A cikin wannan ruwan? To ga shi nan ai. Jiya da yamma wa ya ce a sirka masa ruwa? Ni ce? 'Yar boko, fatarki ta fi ta kowa tsada. Kin buɗe wa sanyi ƙofa ya shiga."

Gaskiya ne na roƙa an sirka mini, sau ɗaya tak. Na yi makarantar kwana ta 'yan mata a birni, don haka a gidanmu ko tuntuɓe na yi boko ne ya ja. Ina rubuta wannan ne don matan da suka iya karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman masu ciki da masu jego, don abin da ya kama ni bai bar ƙasar nan ba tukuna.

Haihuwar fari ce, shi ya sa na zo wanka gidan babana, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kiru da Tudun Wada. Malam, maigidana, yana aikin ofis a wajen masu haƙar kuza a Riruwai. Ranar suna mutanensa suka zo cike da mota, rabinsu suna tari, don murar daminar bana ta kwantar da leburori har aiki ya tsaya. Akwai wata mata a cikinsu da ta riƙe fuskata da hannu biyu tana yi mini barka, tana tari a kaina. Har yau ita nake zargi. Wataƙila na zalunce ta, don a makon nan ko a rijiyarmu ba a rasa mai tari ba.

Iya ta ce maganin sanyi wuta. Aka ƙara itace a ƙarƙashin gadon ƙasar da nake kwana a kai, aka saki asabari a ƙofa, aka toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma. Kunun kanwa da nake sha sau biyu ya koma sau huɗu. Kaina kamar ana sara, gaɓoɓina duk suka saki, sai busasshen tari da ba ya fitar da komai. Kowa ya shigo da nasa maganin: wannan citta da masoro, wannan tafarnuwa a man shanu, liman ya aiko da rubutu. Rana ta uku aka kira wanzami ya kafa mini ƙaho a haƙarƙari, ya nuna wa Iya baƙin jinin da ya fito ya ce ciwon ke nan. Ranar kasuwa diresa, wato ma'aikacin ɗakin shan magani, ya biyo a kan kekensa, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce mura ce, ya ba da fararen ƙwayoyi guda shida. Na lura bai yarda ya shigo ba, kuma ya rufe hancinsa da hular da ya cire. Na ce a raina, wannan ya san abin da bai faɗa ba.

Rana ta biyar numfashi ya fara gagarata. In zan ce a ba ni ruwa sai na raba maganar biyu. Ba na iya kwanciya, sai Iya ta zauna a bayana ta jingina ni a ƙirjinta, ta riƙe ni haka har tarin ya lafa. Na ce a buɗe taga, ta ce ba da ita ba. Na ce hayaƙin nan ke shaƙe ni, ta ce hayaƙin nan ya raya ubana da 'yan'uwansa bakwai.

Ku ji ni da kyau. In mura ta sauka ƙirji, numfashi ya koma gajere kamar na wanda ya yi gudu alhali yana zaune, kada a rufe ɗaki, kada a ƙara wuta, kada a jira ranar kasuwa. A nemi mota.

Wadda ta fitar da ni Gwaggo Asabe ce, ƙanwar babana da ke aure a Bebeji, mai sana'ar man gyaɗa, mai faɗa, wadda ba ta taɓa yaba mini ko da wankin kwano ba. Ta iso rana ta shida. Ta ɗaga asabari, ta jawo hannuna zuwa haske ta dubi farcena, ta dubi leɓena. Sun yi shuɗi-shuɗi kamar na taɓa baban rini.

"Iya, yarinyar nan asibitin birni za a kai ta. Yau."

"Mai jego? Ko kwana ashirin ba ta yi ba, a fita da ita cikin marka? A ina aka taɓa yi? Sai ta yi arba'in."

"In ta ƙara kwana biyu a ɗakin nan, arba'in ɗin da za a yi mata da waina za a yi shi, a raba sadaka."

Iya ta yi salati ta ce bakin Gwaggo ya sari ɗanyen kashi. Babana yana tsaye a tsakar gida tsakanin uwarsa da ƙanwarsa, sai ya kwance akuyoyi biyu ya ja su ya fita don ya sayar. Da haka aka san hukuncinsa.

Yanzu sai na faɗi abin da ya fi ciwon kansa cin raina. Iya ta ce nonon marar lafiya dafi ne, don haka yaron ba zai bi ni ba, za a ba wa Hansai matar yayana, wadda ke goyon 'yarta wata huɗu. Hansai ta shigo ta ɗauke shi daga gefena. Tana kai wa bakin ƙofa ya yi atishawa. Ya sake yi. Na ji da kunnena, amma ban juya ba.

Duk wadda ta tashi a ƙasarmu ta san dalili. Ɗan fari ba a kallonsa a gaban manya, ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa. A gidanmu abin ya fi tsanani, don kakannin Iya daga ruga suka zauna gari. Ni da na yi shekaru a makaranta ina karanta yadda ake renon jarirai, ko a takardar nan ba zan iya rubuta sunansa ba. Aka ɗauke ni a kan gadon kara zuwa bakin titi, ban ce a kula da shi ba, ban yi wa Iya sallama ba don ina fushi da ita.

Motar hatsi muka samu. Rafi ya kawo, muka yi rabin wuni a gaɓa muna jira ya janye, Gwaggo tana yi mini fifita da bakin mayafi tana zagin direba, kamar shi ya yi ruwan sama. Ban tuna shigarmu birni ba.

Abin da na tuna shi ne layin karɓar kati washegari da safe. Mutane kwance a baranda, a gindin bishiyoyi, ko'ina tari. Malam ya riga ya iso daga Riruwai, ya shiga layin maza ya fi awa biyu bai matsa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo wucewa, ta dube ni sau ɗaya, ta ce da masu gadon ɗaukar marasa lafiya, "Wannan ba ta layi ba ce." Sunanta Saratu, mutuniyar kudancin Zariya. Ban san da me zan saka mata ba. Kuma ita ce na fi zarga a makon farko.

Likitan Bature ne, dogo, mai jan wuya. Ya daɗe yana sauraren bayana, ya ga tabon ƙaho ya girgiza kai. Ya faɗa wa Saratu wata magana da Turanci, bai san ina ji ba: huhu biyun duka sun kamu. Saratu ta juyo ta ce da Gwaggo, "Ya ce da sauƙi, Mama." Tun daga ranar na san yadda ake fassara a asibiti.

Kalmomi biyu na likitan nan sun zauna mini. Ɗaya nimoniya, wato ciwon da ke cika huhu da ruwa. Ɗaya kuma bairas. Kwana biyar ana yi mini allurar fanisilin safe da yamma, rana ta shida mai allura ya wuce gadona bai tsaya ba. Na ce shi ke nan, ko sun fid da rai da ni, ko wani yana sayar da rabona a bayan asibiti. Na tara numfashi na tambayi likitan da Turanci. Ya yi turus, ya ja kujera ya zauna. Ya ce ƙwayar da ta kama ni bairas ce, ita ce ta murar nan, kuma allura ba ta kashe ta. Wadda aka yi mini don tare wata cutar ce kada ta hau kan wannan. Abin da ya rage sai iska, da ruwa, da abinci, da jikina. Na ce to. A raina na ce haka ake gaya wa wanda aka sallama.

Ɗakinmu na mata ne, gadaje a jere, wasu a ƙasa kan tabarma. Tukunyar iska ɗaya ce, ana gungura ta daga gado zuwa gado, kuma kowa ya san duk wadda aka daɗe da bar wa ita, labule mai ƙafa da ake kare mai mutuwa da shi ne zai biyo baya. Da ba ni da aikin yi sai kallo, na lura da irin waɗanda ciwon ya kayar har aka kawo su. Murar ta kama kowa a gari, amma a ɗakin nan masu tsohon ciki ne, da masu jego irina, da tsofaffi masu daɗaɗɗen tari, da wasu masu kumburin ƙafa waɗanda dama hawa tudu yana ba su wuya. Akwai mata biyu da suka yi shekaru suna wankin kuza. Akwai kuma 'yan mata ƙarfafa da ba su taɓa ciwo ba, waɗannan su suka fi ba ni tsoro. Kusan kowa ka tambaya za ta ce kamar mura ya fara, aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da leɓe ya canja launi aka nemi mota. Waɗanda aka kawo da wuri sun fi tashi. Wannan da idona na gani.

A hagu da ni akwai wata tsohuwa daga Badafi, Baba Kulu, wadda tari bai hana ta surutu ba. Da ta gane ina karatu sai ta sa jikarta ta ciro takardar da ke rataye a ƙafar gadonta.

"Malama, duba mini. Me Nasara ya rubuta a kaina? In mutuwa ce ki faɗa, in sa a kawo mini tsire tukuna."

"Zafin jikinki yana sauka, Baba."

"To a fasa tsiren, a kawo fura. Ba zan yi asara biyu ba."

Daga nan na zama mai karanta wa ɗaki takardu. A dama da ni Dije ce, Bafulatana daga wajen Ɗansoshiya, da cikin wata takwas. Ba ta magana sosai, in an gaishe ta sai ta ce "jam", wato lafiya da Fulatanci, ta rufe ido. Ranar da ta miƙo mini tata, na ga layin zafin ya hau har saman takarda, likita ya ja layi biyu a ƙarƙashin wata kalma. Tana kallon bakina.

"Da sauƙi," na ce.

Ta yi murmushi. Bayan kwana biyu aka kawo mata labule. Ban yi nadamar abin da na gaya mata ba. Amma tun da ni ma bakina ya iya faɗin haka ba tare da ya yi rawa ba, na daina yarda da bakin kowa.

Duk wannan lokacin ba wanda ya ambaci yaron. Gwaggo tana kwana a baranda tare da sauran masu jinya, tana dafa mini kunu a murhun duwatsu a bayan ɗaki, tana kawowa da faɗa: ban shanye ba, na zubar a zane, na cika son jiki. Duk ranar da motar garinmu ta shigo takan je tasha ta karɓo saƙo, ta dawo ta ce, "Mutanen gida suna gaishe ki. Iya tana gaishe ki." Sai in zuba mata ido ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙarawa. Saratu ta koya mini in riƙa tatse nono a kwano safe da yamma don kada ya ƙafe kafin in koma. Ina yi a ƙarƙashin mayafi, Gwaggo tana ɗauke kai, ta karɓi kwanon ta zubar.

Ranar Lahadi ta biyu Malam ya zo, kuma ta ƙauyenmu ya biyo. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya tsaya a ƙafar gadona yana murza hula.

"Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Shi ma ɗansa na fari ne, ga surukarsa a zaune, ko zai mutu ba zai ɗauko zancen ba. Amma bai iya haɗa ido da ni ba. Can ya ce, "Gwaggo, in ba damuwa, ina son magana." Suka fita. Da Gwaggo ta dawo fuskarta a wanke take, har gashin girarta da ruwa. Ta zauna ta ɗauki kofin kunun da na bari rabi. Na jira faɗa. Sai ta ce, "In ba kya iya shanyewa bar shi, 'yar nan."

Gwaggo Asabe ta ce mini 'yar nan. Na san wani abu ya faru a gida.

A ƙasarmu ba a gaya wa marar lafiya mutuwa. Ana ɓoyewa har ya warke, in kuma ba zai warke ba, ya tafi bai sani ba. Na san wannan, na sha ganin ana yi. Sai na shiga bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran suna a aji.

"Gwaggo, ya Baba?"

"Lafiya lau."

"Iya fa?"

"Tana gaishe ki."

"Yaya Garba? Hansai? 'Yar Hansai?"

"Duk lafiya. Ke kwanta ki huta."

Na kai har kan makahon da ke zama a ƙofar masallaci. Kowa lafiya. Saura mutum ɗaya a gidan nan, wanda bakina ba zai iya tambaya ba, wanda ya yi atishawa sau biyu a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi wasu mata biyu 'yan Kiru da suka kawo nasu marar lafiyan suka tsaya da Gwaggo a baranda, daidai tagar da ke kaina. Sun yi ƙasa da murya, amma na ji sarai. "Ashe abin da ya faru ke nan. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya sa..." Gwaggo ta katse su da sauri, ta ja su gaba. Ban ji ƙarshen addu'ar ba, amma zuciyata ta ƙarasa da "mai ceto ne", wadda ake yi wa jariri in ya rasu.

Da yamma Saratu ta kawo kwano na ce ta mayar. Na daina cin abinci. Zazzaɓin da ya fara sauka ya dawo, aka sake gunguro mini tukunyar iska, ina kallon inda ake jingine labulen. Ba na jin tsoronsa kamar da. Abin da nake ji haushi ne: na Iya da wutarta, na matar Riruwai, na Hansai da wataƙila ta fifita 'yarta, na Gwaggo da ke zaune tana jan carbi tana kallona da idon tausayi. Na fi jin haushin kaina, da ban juya na dube shi ba.

Rana ta uku da daina cin abincina, Saratu ta zo gyara mini shimfiɗa lokacin Gwaggo ta tafi wanki. Ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Malama, huhunki yana warkewa, ke kuma kina ja da baya. Me aka yi miki?"

Na kawar da kaina gefe.

"Jaririn ne?"

Hawaye suka zubo mini.

"An ce miki wani abu ya same shi?"

"Ba a ce ba."

"To kin tambaya?"

"Ba a tambaya."

Ta saki bargon ta riƙe ƙugu. "Kai, ku Hausawa! Ke da kika tsare Bature da Turanci a kan allura? Bari in je in tambayar miki ita."

Na riƙe mata hannu. Na ce in ta tambaya, Gwaggo za ta san ni na aike ta, kuma lafiya lau za ta ce, ko mene ne gaskiyar. Wannan rabin dalilin ne. Ɗaya rabin, muddin ba a faɗa ba, akwai ɗan abin da nake riƙe da shi.

Saratu ta ce, "To ji nan. In yana raye, uwa yake buƙata, ba gawa mai kunya ba. In ma ba ya raye, sai kin warke za su gaya miki. Ta kowace hanya sai kin sha kunun nan za ki sani."

Ba lallashi ba ne, amma shi ya yi aiki. Na sha don in kai ranar da za a gaya mini. Baba Kulu tana daga gadonta tana ƙirga mini kurɓa, in na tsaya ta ce, "Saura na Badafi, Malama, kada ki raina mu." An sallame ta kafin ni, ta tafi tana yi wa mai allura tsiya.

A mako na uku gumi ya karyo mini, irin wanda ke jiƙa zane. Na fara kwanciya a gefe ɗaya ba tare da na shaƙe ba. Na taka zuwa baranda da hannuna a kafaɗar Gwaggo, na dawo ina haki kamar na yi noma. Har lokacin ba ta yi mini faɗa ko sau ɗaya ba, ni kuwa kullum da safe sai na duba fuskarta kamar yadda nake duba takardun mutane.

Ranar da na cika kwana goma sha tara da barin gida, likita ya zo zagayen safe. Ya sa na ja numfashi na saki ya fi sau goma, ya ƙwanƙwasa bayana da yatsu, ya saurara, ya sake saurarawa. Sannan ya cire abin daga kunnensa ya yi magana da ni kai tsaye. Ya ce huhun ya buɗe, haɗarin ya wuce, nan da kwana uku in tafi gida. Saratu ta fassara wa Gwaggo, wannan karon daidai da yadda ya faɗa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Ni ban ji komai ba. Na sha jin ana faɗin irinta a ɗakin nan. Har ya juya zai wuce, sai na ji bakina yana magana da Turanci, harshen da Gwaggo ba ta ji.

"Likita, ina roƙon abu ɗaya. Ka tambayi matar nan ko jaririna yana raye. Ka yi kamar kai ne kake son sani."

Ya dube ni, ya dubi Gwaggo da ke zaune taku ɗaya daga gadona. "Ba ita ke jinyarki ba? Kwana nawa kuna tare?"

Saratu ta yi masa bayani a gajarce. Ban san abin da ya fahimta ba, amma ya gyara tsayuwa, ya buɗe takardata ya riƙe alƙalami kamar abin rubutawa ne, ya ce a tambayi tsohuwa: jaririn da aka bari a gida, yana tari? Yana kama nono?

Saratu ta faɗa da Hausa. Na sunkuyar da kai ina kallon bargo. Gwaggo ta gyara zama, kuma na san ba likitan take kallo ba.

"Ki ce wa Likita ya yi mura kwana uku ta sake shi. Ki ce masa Hansai ta aiko da ƙara, wai ya hana 'yarta sakat, in ya kama ba ya saki. Ki ce masa ya fi uwarsa ci nesa ba kusa ba." Ta ja numfashi. "Kuma ki ce masa, tunda shi ne mai tambaya, ni ba na ambaton jariri a ɗakin da ake fitar da gawa kullum. Kada baki ya kama shi. Da wani ya tambaye ni a waje da na faɗa."

Likita ya yi 'yar dariya, ya rubuta wani abu ko ya yi kamar ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Amma ban saki jiki ba. Wadda ta iya cewa lafiya lau sau ashirin za ta iya ƙirƙiro Hansai da ƙararta.

"Gwaggo," na ce, kaina a ƙasa, "na ji matan Kiru suna yi miki gaisuwa."

Gwaggo ta ajiye carbinta. Ta tashi ta bi Saratu, ta kamo hannun rigarta a tsakiyar ɗaki.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah. Ta tsallake? Ba irin ta asibiti nake tambaya ba."

"Ta tsallake, Mama. Na rantse."

Gwaggo ta dawo. Ta cire takalmanta, ta hau bakin gadona ta zauna, abin da aka hana masu jinya, ta kama hannuna biyu.

"Rakiya, sai haƙuri. Iya ta rasu. Yau kwana goma sha biyu. Ciwon nan naki ne ya kama ta bayan tahowarmu, kwana shida ta yi. Ta ƙi yarda a sa ta a mota."

Na damƙe hannunta. Can na ce, "Gaisuwar da kike kawo mini fa?"

"Ta farko tata ce. Ta ce a gaya wa 'yar boko ta sha abin da Nasara ya ba ta, kada ta yi masa gardama irin wadda take yi mata. Sauran duk nawa ne."

Sai a lokacin na yarda da likita. Gwaggo ba za ta yi mini ta'aziyya ba in da tana ganin ni ma tafiya zan yi, kuma wadda ta iya buɗe baki ta faɗi mutuwar uwarta, da akwai ta biyu da ta haɗa. Wajen ƙarfe goma na safe ne. Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka mai tsawo, tun daga ƙasan ƙirji, numfashina bai yanke ba.